Bugu Ɗaya da Ban Ƙirga Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinki Haruna, a gidanmu na Harra ta Yamma a Madina, zuwa ga 'yata Safiyya, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ku Jidda lafiya ke da yayanki Usman, Ya tsare ku a hanya da masauki, Ya raba ku da sharrin mutum da na ƙarfe. Ki gaishe mini da Gwaggonki Halima da mutanen gidanta, ki ce na ba ta amanarki har wata biyun nan su cika.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san a hankali za ki karanta, kina bin layi da yatsa, na kuma san da Larabci za ki ba ni amsa kamar kullum. Ba komai. Akwai maganar da ba ta fita daga cikina sai da harshen da aka yi mini faɗa da shi ina yaro.

Ranar da sunanki ya fito cikin waɗanda za su buga gasannin neman gurbi, ina shago ina kwance wani mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da ya daina sanyi. Kika turo mini hoton takardar a waya. Na wanke hannu sau biyu kafin na taɓa wayar. Daga nan babu wanda ya wuce ta ƙofar shagon ban nuna masa ba, har da wasu alhazai da suka fito daga masallacin Ƙiblatain suna tambayar inda za su sami mota. Ba su san mene ne golf ba, amma sun sa miki albarka. Ina alfahari da ke, Uwata. Ban iya faɗinsa ido da ido ba, shi ya sa na sa shi tun a farkon takarda, kada ya ɓace a cikin surutun tsoho.

Wasanni uku ne a gabanki, kuma 'yan kaɗan za a ɗauka zuwa babbar gasa. Yadda ake riƙe sanda ba zan koya miki ba, kin wuce ni tun kina shekara goma sha biyar. Abin da nake da shi wanda ba ki da shi kurakurai ne. Su zan ba ki guzuri.

Kin san na yi aiki a Yanbu kafin in auri mahaifiyarki, amma ban taɓa ba ki labarin filla-filla ba. Ina da shekara ashirin da biyar aka ɗauke ni aiki a filin golf na ma'aikatan wani kamfani. Filin ba shi da ciyawa ko ƙwaya ɗaya. Yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai a kewayen kowane rami, aka daddaɓe shi. Kowane ɗan wasa yana yawo da guntuwar darduma ta roba, ya ɗora ƙwallonsa a kai ya buga. Aikina in ja wani faffaɗan katako a kan yashin in shafe sawun mutane. Da tsakar rana, lokacin da babu mai hankalin da zai fito, sai a bar mu ma'aikata mu taɓa. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar mini tsofaffin sandunansa. Cikin shekara huɗu babu wanda nake jin tsoro a filin nan, har injiniyoyin da nake share wa sawu. Shugaban filin ya ce zai sa sunana a gasar neman gurbi ta 'yan wasan sha'awa da ake yi a Riyad.

A motar Ustaz Salih muka tafi. Malamin lissafi ne a wata makaranta a Yanbu, ɗan wasa a filinmu da shi ma yake shiga gasar, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, mutum mai sanyin magana, kullum da dabino a aljihun jakarsa. Ki riƙe sunansa, zai dawo.

Ban taɓa taka filin ciyawa ba sai ranar. Da safe muna tsaye da wasu manyan mutane masu fararen takalma, sai wani dattijo mai ban ruwa ya matso. Ya dube ni, ya dubi fuskata, ya ce, “Sannu ɗan'uwa. Daga ina?”

Da Hausa ya yi maganar, Hausar mutanen Cadi. Na ji kunya a gaban mutanen nan. Ina so su ɗauke ni ɗaya daga cikinsu, ba ɗan'uwan mai riƙe da tiyo ba. Na amsa masa da Larabci a gajarce, na juya baya. Ya ɗan tsaya, ya ja tiyonsa ya tafi.

Ranar nan ƙwallona bai san hanyar rami ba. In na buga a hankali ya tsaya rabin hanya, in na ƙara ƙarfi ya wuce kamar an kore shi. Ni da na saba da yashi mai riƙe ƙwallo, na rasa gane kan abin. Na gama can ƙasan jeri. Da yamma ina zaune ni kaɗai ina cire takalmi, dattijon ya sake zuwa. Bai yi fushi ba. Ya ce, “Ɗazu so na yi in gaya maka, ciyawar nan tana da kwanciya kamar gashin kai. Duk yamma take kallo. In kana bin ta, taɓawa kawai za ka yi. In kana gaba da ita, sai ka dage. Ni nake yanke ta kullum.”

Na ce, “Baba, ka yafe ni.” Da Hausa na faɗa wannan karon, amma wasa ya riga ya ƙare.

Saboda haka, duk filin da kika je, ki isa da wuri, ki taka shi da ƙafarki kafin ranar wasa, ki shiga a matsayin mai koyo ko da a bayanki akwai kofuna. Ki gaishe da masu yankan ciyawa da masu ban ruwa kafin ki gaishe da masu fararen takalma. Ba don su gaya miki sirrin fili kaɗai ba, ko da yake za su gaya miki. Don dai aikin ubanki suke yi. In wani ya yi miki Hausa, ki amsa da Hausarki mai ɗingishi. Ya fi masa daɗi a kan Larabci mai kyau.

Shekara ta biyu na koma da shiri. Na kai rami na bakwai ina cikin na gaba-gaba. A ramin akwai tafki tsakanin inda ake bugawa da tuta. Hanya biyu ce: ko ka kewaya ta dama da bugu biyu, ko ka tsallake ruwan da bugu ɗaya in ƙarfinka ya kai. Wani saurayi dogo da muke tare ya tsallake, 'yan kallo suka tafa masa. Ni na san iyakata, na san ban kai ba sai iska ta taimaka, iska kuwa fuskata take bugu. Amma tafin nan ya shiga kaina. Na buga, ƙwallo ya faɗa ruwa. Maimakon in haƙura in kewaya, sai na ajiye wani a wurin na sake. Ruwa. Ustaz Salih yana gefe, doka ta hana shi ba ni shawara, sai dai na ga ya sunkuyar da kai. Na uku ma ruwa. Na bugi jakata da sanda har sandar ta lanƙwashe. Sauran ramuka goma sha ɗaya na buga su ne da zuciya, ba da ido ba. Da aka haɗa maki, bugu huɗu ne suka raba ni da gurbi. Duka huɗun da ƙari suna ƙasan tafkin nan.

Uwata, a wasan neman gurbi ba a tambayar wa ya burge. Ana tambayar bugu nawa. Kewayawa ba tsoro ba ce. In kika ɓata rami ɗaya, ki bar shi a inda yake, kada ki ɗauke shi a ka zuwa na gaba. Na lura in ranki ya ɓaci kina saurin tafiya, kina cije leɓe, ba kya shan ruwa. Halina ne kika ɗauko, ba na mahaifiyarki ba. In kin ji shi yana tasowa, ki rage sauri, ki sha ruwa, ki yi salati tsakanin ƙwallo da ƙwallo. Kuma kada ki auna bugunki da na wadda ke kusa da ke. Tsawon hannunta daban, naki daban.

Yanzu zan gaya miki wanda ya fi nauyi. Mahaifiyarki ma sai shekara uku da suka wuce ta ji shi.

A shekara ta uku na buga wasan da ban taɓa yin irinsa ba. Na gane ciyawa, na kewaye tafki. A rami na goma sha biyar ƙwallona ya kauce ya shige ƙarƙashin wata ƙayar bishiya. Na shiga ni kaɗai, sauran suna can ɗaya gefen. Akwai wani busasshen reshe kwance kusa da ƙwallon. Doka ta yarda ka ɗauke shi, amma in ƙwallon ya motsa, sai ka mayar da shi inda yake, ka ƙara wa kanka bugu ɗaya na tara. Na ja reshen. Ƙwallon ya mirgina, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na gani sarai. Na ɗaga kai na duba, babu ido a kaina. Na mayar da shi da yatsa, na buga, na fito.

Wanda ke rubuta makina ya ce, “Nawa?”

Na ce, “Biyar.” Shida ne.

A ƙarshe na sa hannu a katin. Da aka liƙa sakamako, ni ne na ƙarshe cikin waɗanda suka samu gurbi. Wanda ke bi na, wanda bugu ɗaya ya hana shi, Ustaz Salih ne. Da na ƙirga abin da ya kamata in ƙirga, da mun yi kunnen doki, da an kai mu mu sake buga rami ɗaya a raba gardama. Ƙila ma da na ci shi, don ranar hannuna yana da kyau. Ban ba kaina damar in sani ba.

Shi ya fara rungume ni. Ya ce, “Mabruk ya Harun, ka fitar da mu kunya mutanen yashi.” Kuma shi ya tuƙo ni daga Riyad har Yanbu. Tafiyar yini guda. Yana miƙo mini dabino, yana tsara mini yadda zan shirya wa babbar gasa, yana cewa zai ara mini sabuwar jakarsa. Sau ɗaya kawai ya ambaci nasa, ya ce, “Da ma na saka ɗan gajeren bugun nan na rami na ƙarshe.” Maganar abin da na yi ta zo mini har baki a kan hanyar nan ya fi sau goma. Duk lokacin sai in ce bari mu wuce garin gaba.

Na je babbar gasar da jakarsa a kafaɗa. Ban iya komai ba. Duk sanda na tsaya a kan ƙwallo sai in ga kamar yana motsi. Bayan shekara na bar Yanbu na dawo Madina, na koyi gyaran mukayyif, na yi aure. Na ce wa kowa aiki ne ya raba ni da golf. Ba aiki ba ne.

Da Allah Ya ba ni Usman, sai na ga kamar an ba ni damar sakewa. Ke kina ƙarama, amma kin tuna ragar da na ɗaura a saman soro, da filin duwatsun nan na bayan unguwa inda nake kai shi bayan La'asar. Yaron yana da hannu. Amma ni ba koya masa nake yi ba, bin sa nake da abin da ni na kasa. In ya buga ɗari daidai ban ce komai ba, in ya ɓata ɗaya unguwa ta ji muryata. Ran da ya cika shekara goma sha huɗu ya kawo sandunan ya jingina a ƙofar ɗakina, ya ce, “Halas ya Baba,” wato shi ke nan, ya gama. Bai ƙara taɓa su ba. Mun yi shekaru muna zaune gida ɗaya, daga gaisuwa sai gaisuwa.

Duk wannan lokacin kina zaune a kan matakala kina kallo, ni ban gan ki ba. Ran da na hau soro na tarar kina buga ƙwallo a raga da sandar da ta kusa tsawonki, kin tuna abin da na ce? Na ce, “Ajiye, ba naki ba ne.” Kika ajiye, kika sauka. Mahaifiyarki ce ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, “Malam, wanda ba ya so ka tilasta masa har ya gudu. Wadda take so kuma ka kore ta. To wa kake jira?”

Ranar Juma'ar da ta biyo na sa ki a mota muka tafi Badr, gonar dabinon abokina, inda akwai fili shimfiɗe a bayan rijiya. Na ajiye ƙwallo a kan guntuwar dardumata ta Yanbu, na ce ki buga. Kika buga. Ƙwallon ya tashi ya wuce layin dabino na farko. Abokina da ke tsaye ya ce, “Haruna, wannan ai ba yau ta fara ba.” Kika ce, da Larabci, kina kallon ƙasa, shekara biyu kina yi in na tafi shago.

Darasin da ke nan nawa ne, amma akwai rabonki a ciki. Za ki haɗu da masu horarwa da masu ba da shawara, wasu da gaske suke, wasu nasu ƙishin suke so su kashe da ke, kamar yadda na yi wa yayanki. Ki saurari kowa da ladabi, ki ɗauki abin da ya yi miki amfani. Wanda duk kika ga bayan kin rabu da shi kina jin tsoron ƙwallo, ki nisance shi, ko da ni ne.

Sai kuma ranar nan, shekara uku da suka wuce, a gasar 'yan mata ta bakin teku. Kina kan gaba, saura rami biyu. Ƙwallonki yana cikin doguwar ciyawa. Ina tsaye bayan igiya, na ga kin sunkuya, kin ja da baya, kin ɗaga hannu kin kira alƙaliyar wasa. Kika ce mata sandarki ta taɓa ciyawa ƙwallon ya motsa. Ta tambayi sauran 'yan matan, babu wadda ta gani. Aka ƙara miki bugu. Kofin ya tafi hannun wata yarinya daga Jidda.

A mota na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Kina zaune kina share hawaye, maimakon in lallashe ki, sai na ce, “Wa ya gan ki? Ko ni da nake kusa ban gani ba.”

Kika juyo kika dube ni. Ranar da Hausa kika amsa, kuma ba ki yi ɗingishi ba. Kika ce, “Baba, ai ni na gani.”

Na tuƙa mu har Madina ban ƙara magana ba. Ƙila kin ɗauka fushi nake da ke. Ba fushi ba ne. Ina zaune ne kusa da yarinya 'yar shekara goma sha shida wadda ta yi cikin daƙiƙa ɗaya abin da na kasa yi cikin shekara kusan talatin.

Bayan mako biyu na rufe shago na ce muku zan je Yanbu sayen kayan gyara. Ustaz Salih na je nema. Na same shi ya yi ritaya, yana tafiya da sanda, bayansa ya ranƙwafa. Ya gane ni tun daga ƙofa. Ya sa aka kawo gahawa, yana ta tambayar iyali. Na ce, “Ustaz, ba ziyara ce ta kawo ni ba.” Na gaya masa komai, reshen, yatsa biyu, biyar a maimakon shida.

Ya juya ɗan kofinsa a hannu. Can ya ce, “Shekarar ce ta ƙarshe da bayana ya bar ni na buga ramuka goma sha takwas. Ka san na yi shekaru ina zargin kaina a kan gajeren bugun nan na ƙarshe? Har a cikin aji nakan tuna shi ina rubutu a allo.”

Na ce, “Ka yafe mini don Allah.”

Ya ce, “Na yafe maka, don ina so a yafe mini. Amma ba zan ce ba ka cuce ni ba, ya Harun. Ka cuce ni.” Ya ƙara mini gahawa. Ya ce, “Me ya kawo ka yanzu, bayan duk shekarun nan?”

Na ba shi labarinki. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Wa ya koya mata?”

Na ce, “Ba ni ba ne.”

Ya ce, “To ka gaishe mini da uwarta.” Sannan ya yi dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba mini. Ya raka ni har mota da sandarsa. Da na dawo gida na zaunar da mahaifiyarki na gaya mata. Ta ce ta daɗe da sanin akwai abin da na baro a Yanbu, ba ta dai san ko mene ne ba.

Na san ba kya bukatar in ce miki ki ƙirga bugunki. Amma abin da ke gabanki ya fi na wancan karon nauyi. Kofin 'yan mata abu ne da ake ajiyewa a kan kabad. Gurbi kuwa ƙofa ce, kuma za ki tsaya a bakinta kin gaji, kin san mahaifiyarki tana jira, kin san ubanki ya nuna hotonki ga rabin mutanen unguwar Ƙiblatain. Shaiɗan ba zai ce miki ki yi ƙarya ba. Cewa zai yi, yatsa biyu ne kawai, bai canja komai ba, kuma ki tuna da mutanen da za ki faranta wa rai. Haka ya ce mini. To ki ji daga bakina tun yanzu: ba na son gurbin da aka samu ta haka, ko kyauta. A bayan kowane bugu da ba a ƙirga ba akwai wata 'yar mutane da ta yi shiri kamar yadda kika yi, wadda za ta koma gida tana zargin hannunta.

Kafin ki sa hannu a kati, ki zauna, ki bi shi rami bayan rami, ko da ana jiranki. In ba ki tabbatar da wata doka ba, ki kira alƙali ki tambaya, tambaya ba ta rage maki. In ke ce ke rubuta makin wata kika ga ta yi kuskure, ki gaya mata a hankali tun kafin ta sa hannu, kada ki bari sai ta faɗa rami sannan ki yi magana.

Sauran ƙanana ne. Ki duba lokacin fara wasanki da idonki a takarda, kada ki dogara da an ce. Iƙamarki, wato takardar izinin zama, ta zauna a aljihun jaka na ciki, wuri ɗaya kullum. Ki tsara sallarki tun kafin ki fita, ki san inda za ki yi Azahar. Ki ci abinci da safe ko ba kya jin yunwa, don rana a fili ba ta da tausayi. A gidan Gwaggonki kada ki zama baƙuwa mai jiran a kawo mata, ki shiga kicin ko kin gaji. In kin ci, ki fara zuwa wurin wadda ta faɗi ki riƙe hannunta kafin ki ɗauki waya. In kin faɗi, ki tsaya har a gama, ki taya wadda ta ci murna da fuska a sake, kukan ki bari sai kin shiga mota. Wasa uku ne, na farko ba shi ne hukunci ba. In duka ukun ba su yi ba, shekara tana zagayowa, kuma ɗakinki yana nan.

Akwai abu ɗaya da ba ki sani ba. Na yi niyyar ni zan raka ki in ɗaukar miki jaka a fili. Har na nemi wanda zai zauna mini a shago. Ranar Talata bayan Magariba Usman ya same ni a ƙofar gida. Ya tsaya yana wasa da makullin mota, ya ce, “Baba, ka bar ni in ɗaukar mata. Na nemi hutu a wurin aiki.”

Na ce, “Kai da ka ce halas?”

Ya ce, “Da kai na ce halas. Ban ce da ita ba.”

Ta yi mini zafi, kuma gaskiya ce. Na ce masa na san abin da na yi masa, na roƙe shi gafara a tsaye a nan bakin ƙofa, abin da ya kamata in yi tun shekara goma da suka wuce. Sai ya ce in hau soro in nuna masa yadda kike son a jera sandunanki a jaka. Muka hau. Muna cikin jerawa ya zaro ɗaya, ya auna ta a hannu, ya ajiye ƙwallo, ya buga a raga. Bugun ya karkace. Ya waiwayo ya dube ni yana jira. Na ce, “Akwai wani ƙwallon a bokiti.” Muna can har aka kira Isha'i.

Shi ya sa na zauna a gida. A fili ki saurare shi, idonsa yana da kyau wajen karanta ƙasa, ya fi nawa. In kun saɓa, ke ce mai bugu, naki za a bi. Ki riƙa yi masa godiya, jakar tana da nauyi.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Allah Ya daidaita hannunki, Ya sanyaya zuciyarki, Ya ba ki abin da ya fi alheri ko gurbi ne ko waninsa. Allah Ya tsare ku daga zafin rana da haɗarin hanya da bakin mutane, Ya haɗa ku da na kirki a duk inda kuka sauka. Gobe in na yi Asuba a Harami zan ambaci sunayenku ku biyu. Na ba da ku ajiya ga Wanda ajiyarSa ba ta ɓata, Ya mayar mini da ku gida lafiya kamar yadda kuka fita.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in kin gama kowane wasa ita za ki fara kira, don ta san ni maki zan fara tambaya. Na ce mata na daina. Ta ce za mu gani.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Haruna